Jinin da Ya Kwanta a Kan Taubashina

Karatuna bai yi nisa ba. Na bar sakandare a tsakiya na shiga kasuwa, har yau kuma ina nan a rumfata a Haɗeja ina sayar da kayan injin ban-ruwa: tiyo, roba, bawul da sauran tarkacen da manoman fadama ke nema. Sai dai Allah ya yi ni da shiga maganar da ban sani ba. Ko siyasa aka ɗauko, ko ciwon hanta, sai na sa baki, kuma sai muryata ta fi ta kowa. Ina neman gafarar Allah a kan wannan hali, don ya kusa cin ran mutum.

Mutumin taubashina ne, ɗan gwaggona yayar mahaifina. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana zaune a wani ƙauye ta wajen Kirikasamma, da damina ya noma shinkafa, da rani tattasai, in ruwa ya cika ya ɗan taɓa kamun kifi. Tun ina yaro muke wasan da aka gada tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne bawana, duk dattijon da muka kai wa ƙara kuma sai ya yi dariya ya kore mu. Ban tuna ranar da muka yi maganar hankali da shi ba. Ko a zaman makoki muka haɗu, sai an raba mana tabarma.

Wasansa ya fi nawa haɗari, domin shi ba ya dariya. Fuska a murtuke yake yin abinsa. Ya taɓa wuni guda a kasuwa yana kurman ƙarya, ina ta yi masa ihu a kunne har muryata ta dushe, da la'asar ya ce in rage murya, mutane na kallonmu. Ya taɓa ɗingisa ƙafa tun daga rumfata, na goya shi a baya har tasha, muna isa ya diro ya bi mota a guje. Duk wanda zai yanke mini hukunci, ina roƙo ya riƙe wannan a ransa.

Wata shekara ruwa ya zo da ƙarfi, mutanen ƙauyensu suka fito gyaran jinga don kada kogi ya shiga gonaki. Na je kai wa wani manomi tiyo, na tarar da su cikin taɓo suna jera buhunan ƙasa. Ban cire riga na taya su ba, na samu tudu na tsaya ina ba da shawara. Taubashina na tafe da buhu a kafaɗa, santsi ya kwashe shi, gefen kansa na hagu ya daki bakin wani kwale-kwale da ke ɗaure a wurin. Ƙum! Ya zauna daɓas cikin laka, hularsa ta bi ruwa.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Bawa, me jirgin ya yi maka?"

Ya miƙe yana shafa wurin, ba jini, ko ƙulun kirki babu. Ya ce, "Ƙwarinsa nake gwadawa. Kai zan saya wa, ka daina tsayuwar banza."

Tun daga ranar na laƙaba masa suna Ragon Jirgi, na yi ta yaɗa labarin a kasuwa, kullum ina ƙara masa gishiri.

Sai da ruwa ya ja, shinkafa ta fara nuna, sannan ya sake shigowa Haɗeja. Na hango shi daga nesa yana jan ƙafar dama. Na ce a raina, yau kam ba goyo. Ya iso bakin rumfa, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Kawu, ina wuni?"

Kawunsa mahaifina ne, wanda ya daɗe da rasuwa, kuma kowa na cewa da na fara furfura na koma shi sak. Amma ni ban kawo wannan a raina ba. Abin da na gani shi ne, bayan shekaru da shekaru, mutumin nan ya durƙusa a gabana. Na ƙwala wa maƙwabtan rumfa kira, mai taya da mai taki da mai shayi, na ce su zo su shaida. Na gyara zama, na ce, "Lafiya lau, yaro. Ya mutanen gida? Allah ya yi maka albarka." Ya ce amin. Aka kawo masa shayi, kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama ya zube masa a riga. Muka tafa masa. Mai taya ya ce bai taɓa ganin gwani irinsa ba.

Bayan 'yan kwanaki matarsa ta aiko babban ɗansu, magidanci ne mai iyali, ya ce Baba fa ba ya jin daɗi. Kullum kansa na ciwo, barci yake ta yi, jiya ya yi sallar azahar ya idar ya sake tayarwa. Na ce masa, "Kai yaro ne. Na san ubanka tun ba a haife ka ba." Na ba shi labarin kurmanta, na ba shi na goyo. Na ce wani babban tarko yake ɗana mini, so yake in taso hankali tashe in zo, gari ya yi mini dariya. Da yake ni ne abokin wasansa, kowa ya ɗauka na fi kowa sanin lokacin da yake wasa. Suka yarda da ni, suka saya masa maganin ciwon kai a kemis.

Da aike ya sake zuwa, sai na ce bari in je in fasa tarkon da kaina. Na same shi a zaure an jingina shi da bango, mutane na zaune. Tun daga ƙofa na fara. Na kira shi Ragon Jirgi, na ce bawa ya ga girbi ya zo ya kwanta don ƙyuya, na tono masa duk wani abin kunya da na sani tun na samartaka. A ƙa'ida, kafin in rufe baki ya rama mini ninki biyu. Sai ya ɗago ido a hankali, ya dube ni, ya ce, "Ka yi haƙuri."

Nan na gane ba tarko ba ne. Mutumin nan zai iya yin kurman ƙarya, zai iya durƙuson ƙarya, amma ko da wasa ba zai ba ni haƙuri ba.

Matarsa, wadda nake ce wa Yaya, tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Ta ce, "Mai tiyo, ka gama? In ka gama, ka nemo mana mota."

A asibitin Haɗeja aka duba shi aka ce sai an ɗauki hoton cikin kai, aka tura mu Kano. Muka tafi da Yaya da babban ɗan, da Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babbanmu da ya rage. Likitan da ya karɓe mu mutum ne mai sanyin magana. Ya ɗora hoton a jikin fitila ya nuna mana wani abu mai kamar jinjirin wata, kwance a gefen hagu, ya ture ƙwaƙwalwa gefe. Ya ce tsohon jini ne ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ta lulluɓe ta. Ya tambaya ko ya taɓa faɗuwa ko ya bugu a kai. Yaya ta ce a'a. Ɗan ya ce a'a.

Na ce, "Ya tunkuyi jirgi."

Likita ya juyo. Na ba shi labari, wannan karon ba gishiri. Ya ce, "A gabanka aka yi?" Na ce har suna na sa masa. Bai yi dariya ba, bai kuma yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ga mai shekaru ɗan bugu kaɗan ya isa, jinin ya yi ta tsattsafowa a hankali, sai an manta da faɗuwar sannan ciwon ya bayyana.

Sannan ya ce hanya biyu ake bi. Ta farko, a huda ƙashin kai, 'yar ƙofa ɗaya ko biyu, a fitar da jinin a wanke wurin. Nan take nauyin ke sauka daga kan ƙwaƙwalwa, sai dai a wasu mutanen jinin kan sake taruwa. Ta biyu sabuwa ce. Ba a taɓa kai ko kaɗan. Ana zura wani siririn tiyo ta jijiyar cinya, a bi da shi har cikin kai, a toshe jijiyar da ke shayar da wurin da ke tsattsafar, sai jiki ya shanye jinin da kansa sannu a hankali. Ya ce tana rage dawowar jinin, amma tana ɗaukar lokaci, kuma su ba sa yin ta, sai an tafi nesa. Ya ce na taubashina ya yi yawa, ya danne ƙwaƙwalwa, shawararsa a huda, kada kuma a ja lokaci.

Ni dai daga inda ya ce tiyo, ya ce a toshe, ban ƙara jin sauran ba. Sana'ata ce aka ambata.

Muka fito ƙarƙashin wata darbejiya inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma, na buɗe taro. Na ce kan mutum ba ƙwarya ba ne da za a kama hudawa. Na ce ga aikin zamani, ba wuƙa ba aska, don me za mu yarda da na da? Baffa ya ce shi ma hudar ba ta kwanta masa ba, amma ta biyun ta fi ɗaure masa kai. Ya ce, "Ciwo na kai, a shiga ta cinya? Wannan ai kamar mai zuwa Guri daga Haɗeja ne ya bi ta Kano." Na ce Baffa bai san aikin tiyo ba, tiyo ba ruwansa da nisa. Masu jinyar wasu marasa lafiyar suka matso. Kafin a jima an rabu gida biyu, 'yan huda da 'yan toshewa, har da wata tsohuwa da ta kawo jikarta ciwon ido, ita ma ta zaɓi ɓangare. Wani mai sayar da ayaba ya ce a garinsu an taɓa huda wani, yanzu har lissafi ya fi iyawa.

Na miƙe tsaye na ce, "Jama'a, dukanmu 'yan bakin kogi ne. In ruwa ya fasa jinga, me ake fara yi? Toshewa!"

Yaya na can gefe. Tana zaune tana ninke zanen da za ta kai masa. Sai ta ce, "Mai tiyo, ruwan ya riga ya shiga ɗaki, ya kai wa mutum wuya. Kai kana can bakin jinga da buhunka."

Tsohuwar nan mai jika ta sauya ɓangare a take.

Gaskiyar da ban faɗa a ƙarƙashin bishiyar ba ita ce, ba ƙwarewar tiyo ce ke tura ni ba. Kunya ce. Ina so a yi masa wani babban abu, a hau jirgin sama, a ce ɗan kawunsa ne ya tsaya aka kai shi inda ba a taɓa kai kowa ba, ko labarin durƙuson kasuwa ya mutu. Kuma ina tsoron in ga an huda masa kai, in riƙa tuna cewa ni na ce wasa yake.

Duk da haka ban haƙura ba. Na koma wurin likita, na ciro guntun tiyo da bawul daga aljihu, na ɗora masa a tebur, na fara koya masa yadda ake tsayar da ruwa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. Aikin toshewa aiki ne mai kyau, ni ma ina fatan ranar da za mu riƙa yin sa a nan. Da jinin kaɗan ne, yana tafiya da ƙafarsa yana hira, da sai mu zauna mu duba. In muka fitar ya sake taruwa, nan ma za mu yi maganarsa, akwai ma inda ake haɗa biyun. Amma je ka ce ya ɗaga maka hannun dama, ka dawo mu ƙarasa."

Na je. Na ce ya ɗaga hannu. Yatsun kawai suka motsa. Jiya da wannan hannun ya riƙe gefen mota. Ban koma wurin likita ba, ko tiyon ban je na ɗauko ba.

Yaya da ɗanta suka amince a yi aiki. Sai wata sabuwa ta ɓullo. Da ma'aikata suka zo da aska za su aske masa kai, ya ƙanƙame ƙarfen gado da hannun hagu, ya ƙi. Yaya ta lallashe shi, ya ƙi. Baffa ya yi magana, ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Abu ɗaya yake maimaitawa: sai Kawu ya ce. Kawunsa ne ya riƙe shi yana yaro, shi ya kai shi kaciya, shi ya yi masa aure.

Kowa ya juyo yana kallona.

Na ce, "Yaya, ni fa ba zan iya ba."

Ta ce, "A kasuwa ai ka iya."

Na matsa bakin gado. Na yi ƙoƙarin tuna yadda mahaifina ke magana, a hankali, ba ya maimaitawa. Taubashina ya kamo rigata ya ce, "Kawu, kaina nauyi. Wai za su fasa."

Na ce, "Ba fasawa za su yi ba, yaro. 'Yar ƙofa ce za su buɗe, nauyin ya fita. Ni na ce a yi. Ka saki ƙarfen nan."

Ya ce, "Kana nan?"

Na ce, "Ina nan."

Ya saki. Aka aske shi tas, aka tura shi. Na fita bayan ɗakin na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifin nawa ya rasu, mai ayaba na tsaye yana ba ni haƙuri, yana cewa ai ɓangarensu ne ya yi nasara, in kwantar da hankalina.

Aikin bai daɗe yadda na zata ba. Aka fito da shi da naɗi a kai, da wani siririn tiyo da ke zuba cikin 'yar jaka. Na leƙa jakar. Wallahi da a rumfata na gan shi, cewa zan yi tsohon baƙin mai ne aka juye daga inji. Na fara yi wa wata nas bayanin haka, ta ce in koma waje.

Washegari da hantsi muna zaune kewaye da gado, ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi Yaya, ya dubi Baffa ya gaishe shi da sunan da ya saba. Sannan idonsa ya sauka a kaina, ya daɗe. Ina jiran in ji da wa zai kira ni.

Ya ce, "Wa ya ba bawa kujera, Baffa na tsaye?"

Na tashi da sauri har kujerar ta faɗi. Yaya ta rufe fuska da mayafi, ba ka sanin dariya take ko kuka.

Hannun ya dawo, ƙafar ma ta biyo baya a hankali. Da aka ba shi labarin ya durƙusa mini a kasuwa, ya ce ƙarya ce, kuma har gobe bai yarda ba. Na ce ina da shaidu. Ya ce mai taya da mai taki da mai shayi ba shaidu ba ne, abokan cin bashi ne. Maganar bakin gado kuwa ba wanda ya faɗa masa, ni ma ban faɗa ba.

Amma likita ya ce ba a gama ba. Sai an dawo bayan wani lokaci an sake hoto, a ga ko jinin ya sake taruwa. In ya taru, to maganar tafiya nesa da toshewa ta taso ke nan. Wannan jiran ya lalata ni. Na daina gane wasa. In ya yi maganar banza, maimakon in rama, sai in ce ya ɗaga hannu biyu sama. In ya yi hamma, in tambaye shi yau wace rana. Kusan kullum ina kan babur zuwa ƙauyensu, har ya sa aka riƙa ce mini ba ya nan, ina jiyo tarinsa daga ɗaki. Ya kai ƙarata wurin Baffa, ya ce likitoci sun cire masa ciwo ɗaya sun bar masa wanda ya fi shi, a dawo masa da taubashinsa, wannan malamin asibitin ba ya so.

Ranar komawa Kano mu biyu muka tafi, a motar haya, muna kujerar baya. Ba mu yi nisa ba barci ya ɗauke shi, kansa ya sauka a kafaɗata. Na tuna yadda aka ce yana ta barci kafin a gane ciwon. Na taɓa shi. Ya buɗe ido ya harare ni ya koma. Can na sake taɓa shi, na ce ya faɗi sunan ƙauyensu. Na yi ta yi, har direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, in ka ƙara tashin dattijon nan, a nan zan sauke ka."

Taubashina ya ce, ido a rufe, "Sauke shi, direba. Ni ban ma san shi ba."

Na ƙura masa ido. Sai da na ga gefen bakinsa na rawa, dariya yake dannewa, sannan na numfasa.

Likita ya ɗora sabon hoton kusa da tsohon. Ƙwaƙwalwar ta koma mazauninta, ɗan abin da ya rage jiki ya shanye. Ya ce ba sauran tafiya nesa, ba sauran toshewa, sai dai in ciwon kai ko jan ƙafa ya dawo a zo da wuri, kada a tsaya shawara. Da ya faɗi haka ni ya kalla, na kuwa sunkuyar da kai.

A hanyar dawowa ya sake kwantar da kai a kafaɗata, na ji 'yan ramukan nan ta cikin hularsa. Na ƙudura a raina zan bar shi ya yi barcinsa har Haɗeja, kuma na kusa cikawa. A wajen Gujungu ne kawai na ji ya yi shiru da yawa, na kai kunnena kusa da hancinsa in ji ko yana numfashi. Ya yi mini atishawa a ciki.